Wane Fetur Ya Dace da Injin Kwalekwale? Tarihin Lambar Okten

A cikin littafin bayani da ke zuwa da sabon injin kwalekwale, irin mai ƙarfin doki 15 ko 40 da ake gani a bakin ruwa a Yawuri ko Baga, akwai shafi guda da ya keɓanta da maganar mai. Galibi umarni huɗu ne a cikinsa: a sa fetur marar dalma, kada lambar okten ɗinsa ta gaza 90 ko 91, kada sinadarin etanol da ke cikinsa ya wuce kashi 10 cikin 100, idan kuma injin mai bugu biyu ne, a gauraya masa baƙin mai gwargwadon wani ma'auni. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan layuka yana da tarihi, kuma an rubuta shi ne bayan injuna sun lalace, wani lokaci ma bayan an rasa rayuka. Zaren da ya haɗa su shi ne, fiye da shekara ɗari ke nan ana sarrafa fetur domin bukatar mota, injin kwalekwale kuwa sai ya yi haƙuri da abin da ya samu.

Injin da aka rataya a bayan jirgi

Tun a 1881 wani Bafaranshe mai suna Gustave Trouvé ya gwada wani ɗan inji mai aiki da batir a kogin Seine a birnin Paris, wanda ake iya ɗaurawa a jikin jirgi a kuma cire. A 1905 Cameron Waterman na birnin Detroit a Amurka ya ƙera mai aiki da fetur. Amma wanda ya mayar da abin sana'a mai ɗorewa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norway da iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa jihar Wisconsin yana yaro. Labarin da kamfaninsa ya daɗe yana yaɗawa shi ne, wata rana da zafi ya tuƙa kwalekwale da filafili ya haye wani tafki don ya sayo wa budurwarsa Bess askirim, kafin ya komo ya narke, abin ya dame shi. Ko yaya aka yi, a 1909 ya fara sayar da injinsa a birnin Milwaukee: silinda ɗaya, ƙarfin doki ɗaya da rabi, nauyi kimanin kilo 28.

Injin nasa mai bugu biyu ne, wato mai yakan kama wuta duk lokacin da fistin ya hau sama, saɓanin injin mota mai bugu huɗu da ke kamawa sau ɗaya a hawa biyu. Irin wannan inji ba shi da nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, mutum ɗaya zai iya saɓa shi a kafaɗa. Sai dai ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, domin fetur da iska sukan ratsa ta ƙasan fistin ne kafin su hau ɗakin ƙonewa. Saboda haka dole a zuba baƙin mai a cikin fetur ɗin kansa, ya riƙa shafar ƙarafa yana wucewa, daga bisani ya ƙone tare da shi.

A wancan zamani fetur ba shi da lamba. Kananzir ne babbar hajar matatun mai, fetur kuwa ana sayar da shi a gwangwani a kantuna. Ana auna kyansa ne da rashin nauyinsa da saurin tashinsa a iska, domin abin da ya dami masu inji a lokacin shi ne injin ya tashi da sanyin safiya.

Ƙwanƙwasa

Matsalar da ta haifi lambar okten ta fito ne daga mota da jirgin sama. Injiniyoyi sun san cewa gwargwadon yadda fistin ya matse cakuɗen fetur da iska kafin fulogi ya ba da wuta, gwargwadon ƙarfin da za a samu daga lita guda. Amma da zarar matsin ya wuce wani mataki, sai a ji wata ƙara a cikin injin kamar ana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma. Abin da ke faruwa shi ne, yayin da wutar fulogi ke cin cakuɗen daga gefe guda a hankali, sauran da ke ɗaya gefen yakan yi zafi ya fashe da kansa tun wutar ba ta iso ba. Fashewar takan daki kan fistin, ta ƙara zafi, ta rage ƙarfi, idan ta daɗe ta huda fistin ko ta karya ringi. Kalmar «nokin» da makanikai ke faɗa idan inji ya mutu murus daga sunan wannan ƙara ta samo asali, ko da yake yanzu ana nufin ƙarshen lamarin ne da ita.

A Ingila, Harry Ricardo ya ƙera wani inji da ake iya ƙara masa matsi ko a rage, ya riƙa gwada ire-iren mai a cikinsa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya tabbatar da cewa halin man ne ke sa ƙwanƙwasa ta zo da wuri ko ta jinkirta. A Amurka kuwa, a ɗakin binciken General Motors da ke Dayton, Charles Kettering ya ɗora wa wani matashin injiniya, Thomas Midgley, aikin nemo abin da za a ɗiga a fetur ya daina. An gwada aidin, an gwada anilin, an gwada wani sinadari na teluriyam da ya yi aiki amma ya bar wa masu binciken warin tafarnuwa a jiki. A ranar 9 ga Disamba, 1921, suka gwada wani haɗi na dalma da ake kira TEL a taƙaice, suka ga kusan kashi ɗaya cikin dubu ya isa ya kashe ƙarar.

Sun san etanol ma yana hana ƙwanƙwasa, amma ana bukatarsa da yawa, kuma ba wanda zai iya mallakar haƙƙin sayar da shi shi kaɗai. Sun kuma san dalma guba ce. A watan Fabrairu na 1923 aka fara sayar da sabon man a Dayton da sunan Ethyl, sunan da babu ambaton dalma a cikinsa. A watan Oktoba na 1924, ma'aikata biyar suka mutu a wata masana'antar haɗa shi da ke Bayway a jihar New Jersey bayan sun zauce, wasu da dama aka kwantar a asibiti. An dakatar da sayar da shi a 1925, aka dawo da shi a 1926, daga nan ya bazu a duniya.

Ma'aunin da aka yi da ruwa biyu

Da aka samu hanyar inganta fetur, sai aka bukaci ma'aunin da kowa zai yarda da shi. A 1927 wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai, Graham Edgar, ya fito da shawara mai sauƙi. Ya ɗauki sinadarai biyu tsantsa: aiso-okten, wanda ke jure matsi ƙwarai, ya ba shi lamba 100, da heften, wanda ke fashewa da wuri, ya ba shi sifiri. A 1929 kamfanin Waukesha, a wani gari da ke kusa da Milwaukee ta Evinrude, ya ƙera injin gwaji mai silinda ɗaya da har yau ake amfani da irinsa. Ana zuba fetur a ciki, a ƙara matsi har ya fara ƙwanƙwasa, sannan a nemi cakuɗen sinadaran nan biyu da zai fara a daidai wannan wuri. Fetur mai lamba 91 shi ne wanda ya jure matsi kamar cakuɗen kashi 91 na aiso-okten da kashi 9 na heften.

Lambar ba ta faɗi komai game da yawan ƙarfin da ke cikin lita ba, ko tsabtar man, ko nisan da zai kai. Juriya kawai take aunawa. Inji mai matsi mai yawa yana bukatar mai mai juriya. Inji mai matsi kaɗan ba abin da zai yi da rarar.

Gwajin kansa iri biyu ne. Na farko, RON, ana yin sa injin na juyawa sau 600 a minti. Na biyu, MON, ana yin sa a juyi 900 da cakuɗe mai zafi, don haka lambarsa takan yi ƙasa da ta farko da maki 8 zuwa 10. Turai da Asiya da Afirka suna rubuta RON a jikin famfo. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba biyu. Shi ya sa fetur mai lamba 87 a Amurka shi ne kimanin 91 ko 92 a wasu wurare. Wanda ya sayi tsohon inji da aka kawo daga Amurka ya ga an rubuta 87 a jikin murfinsa, kada ya ɗauka injin zai wadatu da mai na ƙasa da wanda ake sayarwa a gidajen mai.

Imanin da mutane suka yi cewa babbar lamba ita ce ƙarfi yana da mafari. A 1940 jiragen yaƙin Birtaniya sun koma amfani da mai mai lamba 100, wanda ya ba matuƙa damar ƙara wa injin matsi a lokacin artabu da jiragen Jamus. Bayan yaƙi, masu ƙera motoci a Amurka suka shiga gasar ƙara matsi, daga kimanin ninki huɗu a shekarun 1920 zuwa ninki goma a ƙarshen shekarun 1950, masu sayar da mai kuma suka riƙa tallata na tsada a matsayin mai ƙarfi. Ƙarfin daga ƙirar injin yake zuwa, man yana ba shi dama ne kawai. Injin kwalekwale mai bugu biyu bai shiga wannan gasa ba. Matsinsa ya tsaya tsakanin ninki shida da bakwai, shi ya sa fetur na gama-gari ke isarsa. Wasu manyan injuna na zamani masu ƙarfin doki ɗaruruwa ne kaɗai ke neman abin da ya fi haka, kuma ana rubuta shi ƙarara a littafinsu.

Gazawar lambar kuwa ta fi haɗari a ruwa fiye da kan titi. Mota takan canja giya, ta gangara, ta tsaya, injinta ya huta. Injin kwalekwale yana tura ruwa ne ba sassauci, kamar motar da ke hawa tudun da ba ya ƙarewa, sau da yawa a kusan cikakken totur na tsawon sa'o'i, da kaya da fasinja. A wannan hali ƙwanƙwasa ta fi saurin zuwa, ƙarar injin da ta ruwa kuma sukan hana matuƙi jin ta har sai ɓarna ta auku.

Dalma da fulogi

Dalmar da ta taimaki mota ta zame wa injin kwalekwale ƙaya. Tokarta takan taru a bakin fulogi, ta haɗu da ragowar baƙin mai, wuta ta daina fita. Amfani na biyu da dalma ke yi wa tsofaffin motoci, wato kare mazaunin bawul daga cinyewa, bai shafi inji mai bugu biyu ba tunda ba shi da irin wannan bawul. Saboda haka a shekarun 1940 da 1950 masu jiragen ruwa a Amurka suka riƙa neman wani fetur marar dalma da ake kira farin mai, wanda ake sayarwa a tashoshin bakin ruwa.

Sauran duniya ta daɗe kafin ta iso inda suke. A 1965 Clair Patterson, masanin da ya auna shekarun duniya ta hanyar nazarin dalma a cikin duwatsu, ya wallafa binciken da ya nuna cewa dalmar da ke jikin mutanen zamani ta ninka ta halitta ƙwarai, kuma hayaƙin mota ne babban sanadi. Wanda ya ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito, ya san irin ɓarnar wannan ƙarfe ga ƙwaƙwalwa. Daga 1975 sababbin motocin Amurka suka fara zuwa da na'urar tace hayaƙi da dalma ke kashewa, a 1996 aka haramta man ga motoci a can. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun yi alkawari a Dakar a 2001, suka cika shi a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021, shekara ɗari cif bayan gwajin Midgley.

A tsawon wannan lokaci ma'aunin baƙin mai shi ma ya canja. Injunan farko da man mota ake gauraya musu, kashi ɗaya cikin 16 na fetur, wasu ma fiye. Daga baya aka koma ɗaya cikin 24. A 1964 Evinrude da Johnson suka koma ɗaya cikin 50, bayan an inganta boris ɗin cikin injin an kuma samar da mai na musamman wanda ba ya barin toka. Irinsa ne a yau ke ɗauke da alamar TC-W3 a jikin roba. Ɗaya cikin 50 na nufin rabin lita na baƙin mai a jarka mai lita 25. Idan aka rage, fistin ya cije. Idan aka yi yawa, ko aka sa man mota, baƙin gawayi ya taru a ɗakin ƙonewa, ya rage faɗinsa, ya riƙe zafi, injin da a da yake wadatuwa da lamba 91 ya fara ƙwanƙwasa.

Dawowar etanol

Da aka cire dalma, dole a nemi abin da zai riƙe lambar. Matatun Amurka sun rungumi wani sinadari, MTBE, sai aka tarar yana tsiyaya daga tankunan ƙarƙashin ƙasa yana gurɓata ruwan sha. An gudu ba a tsira ba. Jihar Kalifoniya ta hana shi daga 2004, dokokin makamashi na 2005 da 2007 kuma suka wajabta gauraya etanol, wanda ake tatsa daga masara. Cikin 'yan shekaru kusan duk fetur ɗin ƙasar ya zama mai kashi 10 na etanol, wato E10. Sinadarin da aka ƙi a 1921 ya dawo.

Mota ba ta damu sosai ba, domin tankinta a rufe yake kuma ana ƙarar da man cikin kwanaki. Tankin jirgi kuwa yana da ƙofar shan iska, yana zaune a kan ruwa, kuma yakan yi makonni ba a taɓa shi ba. Etanol yana jan danshi. E10 yana iya riƙe ruwa kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100. Idan ya wuce haka, sai etanol da ruwan su rabu da fetur su kwanta a ƙasan tanki, daidai inda tiyo ke zuƙa. Abin da ya saura a sama lambarsa ta ragu. Ga inji mai bugu biyu lamarin ya fi muni, domin baƙin mai yakan zauna tare da fetur a sama, injin ya sha abin da ke ƙasa ba tare da abin shafe ƙarfe ba. Etanol ya kuma narkar da tsofaffin tankunan faiba, ya cinye tiyon roba da ba a yi shi dominsa ba. Da hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da E15 a 2011, motocin da aka ƙera daga 2001 ta ba izini, ta hana shi ga injunan ruwa.

Nijeriya ta ɗanɗani irin wannan a watan Fabrairu na 2022, lokacin da aka gano an shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam. Motoci suka lalace, aka janye man, dogayen layuka suka dawo gidajen mai. Metanol ɗan'uwan etanol ne da ya fi shi cin roba da ƙarfe da saurin rabuwa idan ya haɗu da ruwa, shi ya sa littattafan injunan kwalekwale ke gargaɗi a kansa.

A bakin Kwara da Tafkin Chadi

Injunan da suka cika ruwayen Afirka ta Yamma galibi na Japan ne. Tohatsu ya fara ƙera su a 1956, Yamaha a 1960, Honda kuma ya fito da mai bugu huɗu a 1964. Yamaha ya ware wani rukuni mai suna Enduro domin masunta da masu jigila a ƙasashen da ruwa ke da laka, mai ba shi da tabbas, makaniki kuma yana nesa. Har akwai waɗanda aka ƙera su tashi da fetur sannan su koma kananzir, da matsi da kafireto na daban. Wannan ba ya nufin kowane inji zai jure kananzir: lambar okten ɗinsa ƙasa take ƙwarai, kuma idan aka gauraya shi a fetur yakan ja lambar ƙasa.

A ƙasashe masu arziki, dokokin hayaƙi daga ƙarshen shekarun 1990 sun kori tsohon inji mai bugu biyu. Kamfanin da ya mallaki Evinrude da Johnson ya karye a 2000, a 2020 kuma aka daina ƙera injin mai sunan Evinrude ɗungurungum. Amma a kogin Kwara da Binuwai, da tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968, da Tafkin Chadi, ƙirar nan mai sauƙi ce har yanzu ke kai kifi da hatsi da mutane kasuwa. A Ghana gwamnati ta daɗe tana sayar wa masuntan bakin teku da na tafkin Volta fetur da aka riga aka gauraya da baƙin mai a farashi mai rangwame, tun cikin shekarun 1990.

A Nijeriya fetur iri ɗaya ne a yawancin gidajen mai, kuma ƙa'idar ƙasa ta ce kada ya gaza RON 91, daidai da abin da waɗannan injuna ke nema. Zaɓin da ke gaban matuƙi ya koma kan hanyar da man ya biyo kafin ya iso gare shi. Ƙauyukan bakin ruwa da yawa suna nesa da gidan mai, jarka ce ke kai musu, sau da yawa ta hannun 'yan bumburutu. Jarkar da ta yini a rana ba a toshe ta da kyau ba takan rasa sassan man masu saurin tashi, waɗanda su ne ke tayar da inji, suna kuma cikin masu riƙe lambar. Wadda aka bari a ruwan sama ko a ƙasan kwalekwale takan sha ruwa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowace lita ta ƙara daraja, zubar da tsohon mai ya ƙara wuya, rage ma'aunin baƙin mai kuma ya ƙara jan hankali.

Injin da ya mutu a kan titi, mai shi ya sauka ya tura. Wanda ya mutu a tsakiyar kogi da damina, kwalekwale ya juya ya ba igiyar ruwa gefe, da fasinja da buhuna a ciki. Abin da tarihin nan ya bar wa matuƙi bai wuce layuka huɗun nan na littafi ba: lambar da aka rubuta ko sama da ita kaɗan, ba tare da biyan kuɗin rarar da injin ba zai mora ba, mai sabo daga hannun da aka sani, etanol da bai wuce kashi 10 ba, da baƙin mai na ruwa a ma'auninsa. Gwajin da ya fi sauƙi kafin a kwance igiya shi ne a tsiyayi kaɗan daga ƙasan jarka a farar kwalba, a ajiye ta minti kaɗan, a ɗaga a duba. Idan man ya yi hazo, ko wani layi ya bayyana a ƙasa, to akwai ruwa a ciki, kuma bai dace a shiga kogi da shi ba.